Yadi da Shafi

Ni tela ne a Bukoki,
shekara ashirin da biyu ƙafata na kan keke.
Na san yadi, na san shafi,
na san inda aka haɗa su ko idona na rufe.
Ku bar ni in faɗi tawa.
Ba ridda na yi ba, kabu nake dubawa.

A Kwatano na shiga ruwa.
Sarin atamfa ya kai ni, na dawo Yamai ɗan Momon.
Inna ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba,
a na huɗu ta aiko da fura.
Na bar shayi, ni mai jiran zubi na uku,
don na ga rubutu, ban yi gardama ba.
Ushiri kuwa ina fitarwa
ko a watan da wuta ta fi zama a tafiye.

Sai wata Lahadi cikin Afrilu,
zafin da ke kora ƙadangare ƙarƙashin mota,
na saka rigar ubana mai aska biyu,
na miƙa hannu ga farantin burodi da ruwa.
Ɗan'uwa Nomau ya raɗa mini:
"Ina farar taguwa? Ina karabat?"
Na koma gida na bi Littafi bango zuwa bango,
ban ga ayar da ta ɗaura wa kowa igiya a wuya ba.

An ba ni takardar kakanni in cika.
Gurbin rana, gurbin wata, gurbin sunan dangi.
Kakata Tasalla a shekarar fara aka haife ta,
bayan girbi, ran kasuwar Badagishiri.
Ina zan rubuta fara?
Wanda ya ƙirga gashin kanta
ba ya jiran hatimin magajin gari.

Kowace shekara mukan ji labarin masu tura amalanke
cikin ƙanƙara, can ƙasar da ban taɓa gani ba.
Na yi musu hawaye, na rantse.
Amma ubana ya tako daga Tawa da ƙafa
shekarar da shanu suka ƙare,
ya binne ƙanwata a bakin hanya, ya ci gaba.
Har yau ba a tambaye ni nasa ba.

Baƙon da ya zo daga Yuta, mutumin kirki,
ya ce wa ɗana: ka dubi babba cikin ido,
ka matse hannunsa da ƙarfi.
Na kai shekara tara ina koya masa durƙuso.

To, allura ba ta tsallake yatsan mai ita.
Daren jiya Tabawa ta ajiye mini tuwo ta ce:
"Kai mai warware ɗinkin mutane,
ran da aka ba ni jawabi a majami'a
wa ya yi kwana biyu yana kumburi?
Wace aya ta ce muryata ta tsaya a madafa?"
Na buɗe baki. Na mayar da loma.
Ashe nawa shafin ma ya manne,
har na ɗauka da shi aka saƙa yadin.

Nomau ya kawo ɗinki yau da hantsi,
farar taguwa biyu, na ƴaƴansa.
Na auna, na yanka, ban rage zare ba,
kuɗin ma na sauƙaƙa masa.
Lahadi zan zauna kusa da shi cikin rigar ubana.
In farantin ya zo mu ci burodi ɗaya,
in bai bar ni na raba ba, in karɓa.
Tabawa ce ke da addu'ar rufewa.
Na ce mata ta ɗaga murya,
fankar ɗakin tana da ƙara.